Duktur ya ƙi ɗaga waya: wai mene ne ainihin aikin malamin dokar laifuka a jami'a?

Kwana uku ke nan guruf ɗinmu na WhatsApp na 'yan Gadarif da ke Sudan bai huta ba, kuma tambaya ɗaya ake ta juyawa: in mutum duktur ne, wato dokta, a dokar laifuka, yana koyarwa a jami'a, alƙalai da 'yan niyaba, wato masu gabatar da ƙara, duk ɗalibansa ne, amma ɗan unguwarsu ya faɗa hirasa, wato aka tsare shi, ya kasa ɗaga waya a sako shi, to karatun nasa wa ya amfana?

Ga yadda abin ya faro, ga wanda bai bi ba. Lokacin yankan riɗi wani yaro namu ya samu saɓani da abokin aikinsa kan rabon kuɗin ƙwadago, cacar baki ta kai ga hannu, hannu ya kai ga sanda, ɗayan ya samu rauni a ka, aka kai shi asibiti, kwana biyu rai ya yi halinsa, Allah ya jiƙansa. Aka buɗe balagi, wato aka shigar da ƙara, aka tsare yaron. Baffansa ya wanke ƙafa ya tafi gidan wani malamin jami'a ɗan uwanmu Bahaushe, ba zan kama suna ba, ya ce masa, "Duktur, yaron nan ɗanka ne, kuma an ce min wakilin niyaban da ke riƙe da maganar a gabanka ya yi karatu, ka taimaka ka kira shi." Duktur ya ce, "Baffa, zan zauna da kai har dare in warware maka komai, zan haɗa ka da muhami nagari, wato lauya, amma waya kam ka yi haƙuri, ba zan kira ba." Baffa ya fito ransa a ɓace, saƙon murya ya fara yawo, wasu na cewa girman kai ne, wasu na cewa ai dama haka suke, in sun hau sai su janye tsani.

Ni na yi karatun ƙanun, wato doka, a Khartum, na zauna gaban irin waɗannan malamai shekaru, shi ya sa maganar ta tsaya min a rai. Ban ga laifin baffa ba don ya ji zafi, duk wanda ɗansa ke tsare wuta ce ke ci a cikinsa. Amma mun tattara aikin mutum huɗu mun ɗora wa mutum ɗaya: aikin muhami, aikin wakilin niyaba, aikin alƙali, da aikin malami. Sai an raba su kafin a gane wa ya yi daidai.

Me ake nufi da dokar laifuka tukuna?

Abin da muke kira dokar laifuka a dunƙule, a kulliya darussa ne daban-daban. Akwai ƙanun jina'i shi kansa, wanda ke faɗa maka wane aiki ne laifi kuma mene ne hukuncinsa, wanda ake aiki da shi a Sudan shi ne na 1991 da gyare-gyaren da aka yi ta yi masa. Akwai ijra'at, dokar hanya, ita ma ta 1991 ce: wa ke da ikon kama mutum, kwana nawa za a riƙe shi, yaushe ake ba da beli, wanda mu nan muke ce wa damana, yaya ake binciken gida, ina ake ɗaukaka ƙara. Akwai isbat, dokar shaida ta 1994, ita ke cewa wace shaida kotu za ta karɓa wace za ta watsar, kuma mutumin da aka lakaɗa wa duka har ya ce "ni ne", wannan amsawar tasa tana da daraja ko babu. Sai ilimin sanin abin da ke jefa mutane cikin laifi da yadda ake tafiyar da gidan yari, sai ɗan likitancin shari'a, don ɗalibi ya iya karanta rahoton likita, wannan takardar da duk wanda ya taɓa kai mai rauni asibiti ya sani, urnik 8.

Ita kuma shari'ar laifi sarƙa ce mai ƙarfe huɗu: 'yan sanda, niyaba, kotu, gidan yari. 'Yan sanda su kama su yi bincike, niyaba ta sa ido kan binciken ta tsara tuhuma, kuma tun 2017 aka cire ta daga ƙarƙashin ma'aikatar shari'a ta zama mai zaman kanta, alƙali ya yanke hukunci, gidan yari ya zartar. Muhami shi ne mai lasisin tsayawa ya kare wanda ake tuhuma.

Ka duba sarƙar nan da kyau, babu malamin jami'a a cikinta. Shi maƙeri ne, a maƙerarsa aka ƙera ƙarafan, amma ranar da ake ɗaure kaya ba shi ke riƙe da sarƙar ba. Akwai malaman da ke haɗa koyarwa da aikin muhami, wannan gaskiya ne, amma ko su in sun shiga magana da rigar muhami suke shiga, ta ƙofar gaba, da takarda, kowa na gani.

Daga ina dokar da yake koyarwa ta fito?

Wannan ɓangaren ina so 'yan uwanmu na Najeriya da Nijar da ke karantawa su saurara, don akwai zumunci a ciki da da yawa ba su sani ba.

Turawan Ingila sun ci Umdurman a 1898, shekara ɗaya bayan nan, 1899, suka kafa dokar laifuka ta farko, wadda aka ɗebo daga dokar laifuka ta Indiya ta 1860. Aka sabunta ta a 1925, aka sake a 1974. A watan Satumba 1983 shugaban ƙasa Numeiri ya kawo dokokin da har yau ake ce musu dokokin Satumba, aka shigo da haddi, kuma a ƙarƙashinsu aka rataye malamin nan Mahmud Muhammad Taha bisa tuhumar ridda a gidan yarin Kobar a Janairun 1985. Zamanin Bashir aka kawo ta 1991 wadda ta raba hukunci gida uku, haddi da ƙisasi da ta'aziri. A 2009 aka ƙara mata babi kan kisan ƙare dangi da laifukan yaƙi. A Yulin 2020 gwamnatin riƙon ƙwarya ta soke laifin ridda da ke madda, wato sashe, ta 126, ta cire bulala daga hukuncin ta'aziri, ta kuma mai da kaciyar mata laifi.

Zumuncin kuwa shi ne, a 1958 gwamnatin Sardauna ta kafa kwamitin masana don gyara tsarin shari'a a Arewacin Najeriya, shugaban kwamitin nan shi ne Alƙalin Alƙalan Sudan na lokacin, Muhammad Ahmad Abu Rannat, kuma dokar Final Kod da ta fara aiki a Arewa a 1960 a kan ta Sudan aka gina ta. Tun kafin nan ma, makarantar horar da alƙalai da aka buɗe a Kano a 1934 malamai daga Sudan ne suka koyar a cikinta. Kaga ke nan ɗalibin doka a Zariya da ɗalibin doka a Khartum kakansu ɗaya ta wannan fuska.

Me wannan tarihin ke nufi ga malami? Yana nufin dokar da ke hannunsa hawa-hawa ce kamar tsohon gidan ƙasa da kowane magaji ya yi masa yaɓe. Ƙasa akwai tunanin Ingila da Indiya, sama akwai fiƙihu. Tsofaffin hukunce-hukuncen manyan kotuna da ake kafa hujja da su, waɗanda ake tattarawa a mujallar hukunce-hukuncen shari'a tun 1956, na farko-farkon da Turanci aka rubuta su, alhali tun farkon shekarun 1990 aka mai da karatun jami'a Larabci. To malamin kirki dole ya iya shiga ɗaki biyun nan ya fito wa ɗalibi da abin da ke ciki, ya karanta hukuncin Turanci na 1960 da wani abu, ya buɗe littafin fiƙihun Malikiyya, ya nuna inda suka haɗu da inda suka rabu.

Abin da ke faruwa a cikin aji

Nan ne zuciyar aikin, kuma nan ne mutanenmu ba su taɓa leƙawa ba, sun ɗauka malami na shiga ne ya karanto madda ɗalibai su haddace kamar karatun allo.

Ba zan manta wata muhadara ba, wato lacca. Zafi ake kamar me, fanka biyu ne kawai ke juyawa a ɗakin, mun cika maƙil har wasu na zaune kan taga. Malam ya shigo bai buɗe littafi ba, ya ce manoma biyu ne a Jazira suka yi faɗa kan ruwan ban gona, ɗaya ya doki ɗaya da sanda ya mutu, wa ya ce a yi ƙisasi? Kusan duk ajin muka ɗaga hannu. Ya yi shiru ya dube mu, sannan ya fara tambaya ɗaya bayan ɗaya. Sandar nan dama tana hannunsa ne ko gida ya koma ya ɗauko? In gida ya koma, tafiyar minti nawa ce, zuciya na iya hucewa a tsakani? Wa ya fara kai hannu? Sau nawa ya doka, sau ɗaya ko sau bakwai? A ka ne ko a kafaɗa ya nufa mutumin ya sunkuya? Sandar kara ce ko gora mai ƙarfe a kai? Akwai tsohuwar gaba tsakaninsu? Mamacin da dukan ya mutu ko dama yana da wata cuta, me likita ya rubuta? Kowace tambaya ya jefo sai ka ga hannuwa na sauka, kafin ya gama saura mutum biyar ko shida, su ma ba da ƙarfi ba.

Sannan ya juya ya rubuta lamba uku a allo: 130, 131, 132. Ta farko kisan ganganci, hukuncinsa kisa ta hanyar ƙisasi, sai in waliyyan jini sun yafe ko sun karɓi diyya. Ta biyu mai kama da ganganci, kuma dokar da kanta ta lissafa yanayin da ke sauko da kisa daga 130 zuwa 131, a ciki akwai faɗan da ya ɓarke nan take ba shiri, akwai tsokana mai tsanani ta ba-zata, akwai wanda ya wuce iyaka wajen kare kansa, wannan hukuncinsa ɗauri ne da diyya. Ta uku kisan kuskure. Ya ce mana, gawa ɗaya ce a duka ukun, uwar mamaci kukanta ɗaya ne, amma tsakanin lamba ta farko da ta biyu akwai wuyan ɗan Adam, kuma ku ne za ku riƙe alƙalamin.

Wallahi daga ranar nan na daina saurin cewa "a kashe shi" in na ji labari a kasuwa. Kuma abin da malamin dokar laifuka ke sayarwa ke nan in za a ce yana sayar da wani abu: ya ɗauki yaro ɗan shekara 19 mai zafin kai ya koya masa tsayawa ya yi tambaya kafin ya yanke. Ya cusa masa cewa laifi ba ya tabbata sai da nassi da ya hana aikin tun kafin a aikata, da aikin kansa, da niyya. Ya cusa masa cewa wanda ake tuhuma barrantacce ne har sai an tabbatar, kuma shakka riba ce ga wanda ake tuhuma. Haddar madda kowa na iya yi a wata biyu, wannan tarbiyyar ce ke cin shekaru.

Aikin da ba a gani

Bayan muhadara akwai tsara manhaja da sabunta ta duk sanda aka taɓa doka, akwai shirya jarrabawa da duba takardu ɗaruruwa, kulliyoyin ƙanun irin na jami'ar Nilain cika suke sosai. Akwai duba binciken 'yan ajin ƙarshe da masu majistir da dukturah, wato digiri na biyu da na uku, akwai zaman majalisar sashe da ta kulliya, akwai zuwa wata jami'a a matsayin mai jarrabawa na waje. Matakan aikin a nan su ne musa'id tadris, muhadir, ustaz musa'id, ustaz musharik, sannan farfesa, kuma ba a hawa manyan matakan sai da binciken da aka wallafa. Wasu ana gayyatarsu horar da jami'an 'yan sanda da 'yan niyaba, wasu su shiga kwamitin rubuta doka.

Guda biyu nake so in tsaya a kansu. Na farko sharhin hukunci. In babbar kotu ta yanke hukunci, malamin jami'a ne ke da 'yancin zama ya rubuta cewa a nan kotu ta yi daidai, a nan ta kauce, da hujja, alƙali ƙarami ba zai iya ba, muhami kuma za a ce don an kayar da shi ne. Na biyu maki. Ɗalibin ƙanun in ya gama sai ya ci jarrabawar shiga sana'a da muke ce wa mu'adala kafin ya zama muhami ko ya nemi alƙalanci ko niyaba, amma matatar farko tana hannun malaminsa. Kuma a nan ma waya ake bugo masa, ɗan wane ne, a ɗaga masa maki biyar. Ranar da ya ɗaga, ya saki mutumin da bai san bambancin 130 da 131 ba, kuma wata rana wannan mutumin ne zai zauna kan fayil ɗin ɗanka. Duk da haka albashin ba ya kai wata, tun kafin yaƙin da ya ɓarke a 2023 malaman jami'o'i ke yajin aiki a kansa.

To me ya sa bai kira ba?

Abu na farko, ko ya kira babu abin da wayar za ta yi ta halal. Dokar ijra'at ba ta ba da damana a tuhumar da hukuncinta kisa ne, wakilin niyaba ba shi da wannan ikon ko da malaminsa ne ya roƙa ko mahaifinsa. Abu na biyu, yunƙurin karkatar da shari'a shi kansa laifi ne a dokar 1991, malamin da ya koyar da wannan da safe ba zai aikata shi da yamma ba. Na uku, in dangin mamaci suka ji an bi ta bayan gida, zuciyarsu za ta bushe, alhali rayuwar yaron nan in abin ya tsaya a 130 tana hannunsu ne, su ke da yafiya. Na huɗu wanda a guruf ba wanda ya ambata, mamacin nan shi ma ɗan wani ne, shi ma talaka ne da ya fito neman na tuwo, in baffansa ne ya riga zuwa gidan duktur fa?

Amma bari in faɗi hujjar ɗaya ɓangaren da kyau, don ba ta banza ba ce. Masu goyon bayan baffa cewa suke, kowa a ƙasar nan da wasɗa, wato sanayya, yake tafiya, sauran ƙabilu in nasu ya shiga hannu manyansu na tsayawa, mu Hausawa 'yan ƙalilan gare mu a irin waɗannan kujeru, in su ma suka naɗe hannu wa ya rage mana? Kuma mutanen da suka ga rikicin ƙabilancin da ya rutsa da Hausawa a Damazin da Rusairis da Wad al-Mahi a 2022, aka kashe ɗaruruwan mutane aka raba dubbai da gidajensu, in suka ce ba su yarda doka kaɗai za ta kare su ba, ba za ka ce musu ƙarya suke ba. Tun zamanin da kakanninmu suka baro ƙasar Hausa suka sauka Mai Wurno ta Sudan bayan yaƙin Burmi na 1903 muke nan, amma har yau akwai ɗan uwanmu da ke shiga ofis yana jin kamar baƙo.

Ni a ganina duktur ya yi daidai da ya ƙi kira, domin a kasuwar wasɗa mu ne masu ƙaramin jari, in aka ce kowa ya kira nasa kullum za a fi mu, abin da ya fi kare marar gata shi ne wakilin niyaban da ba ya karɓar waya daga kowa. Amma akwai bashin da ke kan malamanmu kuma ba su biya ba. Aikin malamin jami'a ƙafa uku gare shi, koyarwa da bincike da hidimar al'umma, ta ukun nan ta gurgunce a wajenmu. Me ya hana a ce duk wata akwai zama a masallaci ko kulob na unguwa, da Hausa, ana gaya wa mutane haƙƙinsu in an kama su? Tsohuwar da Larabcinta na kasuwa ne, yaya za ta gane abin da aka karanta mata kafin ta dangwala yatsa? Da baffa ya taɓa jin bayanin damana sau ɗaya a rayuwarsa, da abin da zai roƙa a gidan duktur daban ne.

Zargin cewa suna koya wa yara kare ɓarayi

Wannan ma ya fito a guruf, wani dattijo ya ce karatun nan ai dabarar kuɓutar da mai laifi ce kawai. Baba, da girmamawa, ka duba fiƙihun da muka gada. Ƙa'idar kawar da haddi saboda shubuha daga ina ta fito? Hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa kan wanda ya musa, wa ya koyar da mu? Ma'izu da ya zo da bakinsa ya amsa laifi, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, juyar da kai ya yi ta yi yana tambayarsa ko dai, ko dai. Shaidu huɗu a zina, nisabi da ma'ajiya a sata, duk shingaye ne da aka kafa don kada a taɓa jikin mutum da zato. Malamin da ke koya wa ɗalibi neman shakka bai fita daga wannan gidan ba. Kuma a aji ɗaya mai gabatar da ƙara da mai karewa ke zaune, ilimin da wannan zai kare da shi, da shi wancan zai tsara tuhumar da ba za ta rushe ba.

Inda ake samun saɓani na gaske tsakanin malaman kansu shi ne kan gyaran 2020 da makamantansa, wasu na ganin an taɓa abin da bai kamata a taɓa ba, wasu na ganin an cire abin da aka daɗe ana zaluntar mutane da shi, musamman mata masu shayi da 'yan talla da suka sha wuya a hannun dokar nizamul am, wato ta tsarin zaman jama'a, kafin a soke ta a ƙarshen 2019. Malami mutum ne, yana da ra'ayinsa kuma yana da damar faɗa. Abin da ba shi da dama shi ne ya ɓoye wa ɗalibi hujjar ɗaya ɓangaren, ko ya kayar da shi a jarrabawa don ya saɓa masa.

Yadda yaƙi ya sauya aikin

Tun 15 ga Afrilu 2023 da faɗa ya ɓarke tsakanin soja da dakarun RSF, jami'o'in Khartum suka watse, aka lalata gine-gine da ɗakunan karatu, Madani ma ta faɗa hannun RSF a Disambar shekarar kafin soja su karɓe ta a Janairun 2025. Malamai suka bazu, wasu Bur Sudan, wasu Kasala da Atbara da nan Gadarif, wasu Masar da Saudiyya. Muhadara ta koma saƙon murya a WhatsApp da Telegram, ɗalibi na hawa kan rufin ɗaki neman netwok don ya sauke darasi, jarrabawa kuma a cibiyoyin da aka buɗe a garuruwan da ke da lafiya da wasu ƙasashen waje. Ka tuna ajin da na ba da labari, hannuwa na sauka ɗaya bayan ɗaya, wannan ba ya yiwuwa a saƙon murya, kuma abin na damuna ƙwarai, don yaran da ke gamawa yanzu su ne alƙalan shekara goma masu zuwa.

Ga kuma tambayoyin da yaƙin ya jibge a gaban fannin. A makonnin farko fursunoni suka fice daga Kobar da Huda da wasu gidajen yari. Fayiloli sun ƙone ko sun ɓace. Kayan sata sun cika kasuwanni, wanda ya sayi firij da araha yana sane ko bai sani ba, madda ta 181 ta karɓar kayan sata na jiransa. Ana gurfanar da mutane da tuhumar haɗa kai da RSF ƙarƙashin madda ta 50 da 51, waɗanda hukuncinsu na iya kaiwa kisa, to mutumin da bai samu kuɗin gudu ba ya zauna a unguwarsu, aka sa masa bindiga aka ce ya gyara mota ko ya dafa abinci, ina matsayinsa, ina iyakar tilas, wace shaida ta isa? A gefe guda dubban mutanen da aka kashe wa 'yan uwa aka yi wa mata fyaɗe suna jiran a hukunta masu laifi na gaske. Ga shari'ar Darfur da Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya miƙa wa kotun duniya ta Heg tun 2005, wadda sai a Oktoban 2025 ta samu Ali Kushaib, wani jagoran mayaƙan Janjawid, da laifi. Duk waɗannan sai an samu masu zama su yi tunani da sanyin kai su rubuta, kuma wannan aikin malaman fannin ne kafin kowa.

Abin da ya shafe ni da kai

Ga kaɗan daga abin da duktur ya gaya wa baffa a zaman nan, na ji daga wanda ya raka shi, kuma daidai yake da abin da muka karanta. A ƙa'idar madda ta 79 ta ijra'at, 'yan sanda na riƙe mutum don bincike awa 24 ne, wakilin niyaba na iya sabuntawa har kwana uku, daga nan sai alƙali, shi ma mako-mako har mako biyu, abin da ya wuce haka sai alƙali na sama. Dokar ta-ɓaci na iya canza wasu abubuwa a wasu jihohi, amma ka san asalin, ka riƙa tambaya wa ya sa hannu a sabuntawar kuma yaushe. Kada a dangwala yatsa kan abin da ba a fahimta ba, a nemi tafinta. A samu muhami tun ranar farko, kafin a rubuta maganar yaro, don abin da aka rubuta a farkon bincike shi ke bin fayil har babbar kotu. A nemo waɗanda suka ga faɗan da idonsu tun ba su watse ba, ma'aikatan riɗi in kaka ta wuce kowa garinsu yake komawa.

'Yan kasuwarmu kuma su kiyayi cek. Madda ta 179 ta cek ɗin da ya dawo babu kuɗi ta cika gidajen yari da mutanen da ba ɓarayi ba, ka ba da cek na amana don kayan bashi, kasuwa ta juya, sai ka ji kalmar nan da kowa ke tsoro, a tsare shi har sai ya biya. 'Yan uwanmu na Makka da Jidda da Madina, lambobin nan na Sudan ne, tsarin Saudiyya daban yake, kada a ɗauka a yi aiki da su a can.

Sai maganar judiyya, sulhun dattawa da muka saba. Mutane na ɗauka ko dai kotu ko dai sulhu, alhali a shari'ar kisa dokar da kanta ta bar wa waliyyan jini ƙofar yafiya ko diyya, sai dai dole a kai yafiyar gaban hukuma a rubuce, a san su wane ne waliyyan gaba ɗaya, in akwai ƙananan yara a cikinsu a kiyaye rabonsu, kuma ko an yafe kotu na iya yanke ɗauri saboda haƙƙin jama'a. Sulhu da yawa na lalacewa ne don an yi shi a tabarma an sha shayi an yi fatiha ba a rubuta komai ba, bayan wata shida wani ɗan uwa ya dawo daga tafiya ya ce shi ba da shi aka yi ba.

Jiya da daddare aka sanar a guruf cewa dattawan unguwa da limami za su je gidan mamacin ranar Juma'a bayan la'asar, ta'aziyya tukuna, ba za a ta da maganar yafiya ba sai an ga fuska. Duktur ya ce zai bi su, kuma in Allah ya sa an kai ga sulhu shi zai zauna da muhamin su tsara takardar yadda kotu za ta karɓa. Baffa bai ce komai ba a guruf ɗin, amma an ce shi ya je ya nemo motar da za ta kai su.